Iyakar Zurfin Da Ake Iya Haƙawa A Cikin Ƙasa Da Abin Da Yake Ci Na Kuɗi

Rami mafi zurfi da ɗan Adam ya taɓa haƙawa a doron ƙasa yana yankin Kola ne, a can arewa maso yammacin Rasha kusa da iyakar ƙasar Norwe, kuma zurfinsa mita 12,262 ne, wato kilomita 12 da 'yan kai. An kai wannan zurfi tun a shekarar 1989, kuma duk da ci gaban da aka samu na injuna da na'urori a cikin fiye da shekaru talatin da suka biyo baya, babu wata gwamnati ko wani kamfani da ya haƙa ramin da ya miƙe ƙasa sak har ya zarce shi.

Wannan batu ya wuce abin sha'awa ga masana kimiyya kawai. Ɗanyen mai da iskar gas, waɗanda su ne ke samar wa Nijeriya mafi yawan kuɗaɗen musaya na ƙasashen waje, ta rijiyoyin haƙa suke fitowa. Haka kuma ruwan da masana'antu da gonaki da unguwanni masu yawa ke dogara da shi ta rijiyar burtsatse yake fitowa. Saboda haka sanin abin da ke hana injin haƙa ci gaba da nutsewa, da yadda tsadar aikin ke ƙaruwa da ƙaruwar zurfi, ilmi ne da ya shafi duk mai zuba jari a harkar mai, ko ma'adinai, ko ruwa.

Girman ƙasa da ƙanƙantar ramin

Daga doron ƙasa zuwa tsakiyar cibiyarta akwai nisan kimanin kilomita 6,371, wanda ya yi daidai da tafiya daga Legas zuwa Kano kusan sau shida. Idan aka auna ramin Kola da wannan nisa, za a ga bai kai kashi ɗaya cikin ɗari biyar ba. Nisa ne da mai tafiya a ƙafa zai iya ci a cikin sa'o'i uku in da a shimfiɗe yake, amma sai da aka shafe shekaru 19 kafin a haƙa shi.

Masana sukan kwatanta ƙasa da ƙwai. Akwai ɓawo a waje, wanda kaurinsa a ƙarƙashin nahiyoyi yakan kama daga kilomita 30 zuwa 50, a ƙarƙashin manyan tekuna kuwa daga kilomita 5 zuwa 10. A ƙarƙashin ɓawon akwai wani sashe mai kauri na dutse mai tsananin zafi da ake kira mantil, wanda ya yi kama da farin ƙwai, kuma ya nutsa har zuwa kimanin kilomita 2,900. Daga nan sai cibiya, wadda akasarinta ƙarfe ce, mai kama da gwaiduwa. Wani masani ɗan ƙasar Kuroshiya mai suna Andrija Mohorovicic ne ya gano iyakar da ke tsakanin ɓawon da mantil a shekarar 1909, ta hanyar nazarin yadda motsin girgizar ƙasa ke canza sauri idan ya kai wurin. Har yanzu babu injin da ya huda ɓawon gaba ɗaya ya kai ga wannan iyaka.

Idan kuwa ana maganar inda mutum da kansa yake iya sauka ya yi aiki, to zurfin bai kai ko kashi ɗaya cikin uku na Kola ba. Mahaƙar zinariya ta Mponeng da ke Afirka ta Kudu ta kai kimanin kilomita 4, kuma zafin dutsen da ke can ya haura digiri 60 a ma'aunin Salshiyas, ta yadda sai an riƙa tura ƙanƙara da sanyayyar iska daga sama kafin ma'aikata su iya jurewa.

Yadda aka faro

Haƙa mai zurfi ya girmi masana'antar mai. A shekarar 1835, masu neman ruwan gishiri a Zigong da ke lardin Sichuan na ƙasar Sin sun haƙa rijiyar da ta zarce mita 1,000, suna amfani da gora da igiya da wani ƙarfe mai nauyi da ake ɗagawa ana saki yana dukan dutse. Rijiyar man da Edwin Drake ya haƙa a jihar Pensilbaniya ta Amurka a 1859, wadda ake ɗauka a matsayin mafarin cinikin mai na zamani, zurfinta kimanin mita 21 ne kacal, wato ba ta kai zurfin yawancin rijiyoyin burtsatse na yau ba. Kusan shekaru ɗari bayan haka, rijiyar Oloibiri da ke jihar Bayelsa ta yanzu, inda aka fara samun mai na kasuwanci a Nijeriya a 1956, ta kai kimanin mita 3,660.

Abin da ya kawo wannan tsalle shi ne haƙa ta hanyar juyi. Ana ɗaura wani bakin ƙarfe mai haƙora a ƙarshen dogon jerin bututu, injin ya riƙa juya shi yana cin dutse. A lokaci guda ana tura wani taɓo na musamman ta cikin bututun, ya fita ta bakin haƙar, ya dawo sama ta gefen ramin ɗauke da ɓarɓashin dutse. Wannan taɓo shi ke sanyaya bakin haƙar, kuma nauyinsa ne ke danne ruwa ko gas ko man da ke cikin dutsen don kada su tumbatso. Bayan an ci wani zango, sai a zura bututun ƙarfe mai faɗi a liƙe shi da bangon ramin da siminti, sannan a ci gaba da ƙaramin baki. Dalili ke nan da ya sa kowace rijiya mai zurfi take farawa da faɗi ta ƙare da tsukewa.

Gasar da ta haifi ramin Kola

A zamanin yaƙin cacar baki, kamar yadda Amurka da Tarayyar Sobiyat suka yi gasar zuwa sararin samaniya, haka suka yi gasar nutsawa cikin ƙasa. Amurkawa sun zaɓi teku, saboda ɓawon ya fi siranta a can. A 1961 wani jirgin ruwansu ya haƙa mita 183 a ƙarƙashin gindin teku kusa da tsibirin Guadalupe na ƙasar Meziko, inda zurfin ruwan ya kai kimanin mita 3,600. Amma da kuɗin aikin ya yi ta hauhawa, sai majalisar dokokin Amurka ta soke shi a 1966.

Tarayyar Sobiyat kuwa ta zaɓi tudu. An fara haƙa ramin Kola a ranar 24 ga watan Mayu na 1970, da niyyar kai wa mita 15,000. A 1979 ramin ya zarce rijiyar Bertha Rogers ta jihar Oklahoma a Amurka, wadda ta tsaya a mita 9,583 a 1974 bayan da ta ci karo da narkakkiyar farar wuta. A 1983 aka wuce mita 12,000. Sai dai a shekarar da ta biyo, wani sashe na bututun mai tsawon kimanin kilomita 5 ya murɗe ya karye ya maƙale a cikin ramin, wanda ya tilasta a koma baya zuwa mita 7,000 a sake sabon reshe. Wannan reshe ne ya kai mita 12,262 a 1989. Faɗin ramin santimita 23 ne, wato kamar bakin faranti.

Abubuwan da aka gani sun saɓa wa hasashen masana ta fuskoki da dama. An yi tsammanin a wajen kilomita 7 za a bar dutsen giranit a shiga wani baƙin dutse mai nauyi da ake kira basal, sai aka tarar giranit ɗin ne dai ya ci gaba, illa zafi da matsi sun sauya yanayinsa. An sami ruwa a cikin tsagogin dutse a zurfin da ake zaton babu ruwa. Taɓon da ke dawowa sama yana cike da iskar haidurojin. An kuma sami burbushin ƙananan halittun ruwa na zamanin da a zurfin kimanin kilomita 6. Amma abin da ya fi damun injiniyoyi shi ne zafi: sun yi lissafin za su tarar da digiri 100 a ƙasan ramin, sai suka tarar da digiri 180. An dakatar da haƙar a 1992, jim kaɗan bayan wargajewar Tarayyar Sobiyat, lokacin da babu sauran mai ɗaukar nauyin aikin, daga baya kuma aka rufe bakin ramin da murfin ƙarfe aka watse.

Jamus ma ta gwada tata sa'ar a jihar Babariya tsakanin 1990 da 1994. Duk da cewa ta yi amfani da na'urori mafi inganci na wancan lokaci, kuma ta kashe sama da mak miliyan 500, ta tsaya ne a mita 9,101, inda zafi ya kai kimanin digiri 265.

Abubuwan da ke tsayar da injin

Na farko shi ne zafi. A yawancin wurare, zafin ƙasa yana ƙaruwa da digiri 25 zuwa 30 a kowace kilomita ɗaya da aka nutsa. Na'urorin lantarki da ake saukarwa tare da bakin haƙa domin auna alkibla da yanayin dutse sukan fara lalacewa idan zafi ya doshi digiri 175 zuwa 200. Robar da ke toshe mahaɗan kayan aiki takan narke ko ta tsattsage, taɓon haƙa yakan lalace, shi kansa ƙarfe ƙarfinsa yakan ragu. Bugu da ƙari, dutse mai tsananin zafi ba ya tsayawa ƙyam kamar na sama. Yakan yi laushi ya riƙa matsowa sannu a hankali, ta yadda idan aka zare bututu don sauya baki, kafin a mayar da shi ramin ya fara tsukewa.

Na biyu shi ne matsi. Duk dutsen da ke ƙasa yana ɗauke ne da nauyin wanda ke samansa. A zurfin kilomita 12 wannan nauyi ya ninka matsin iskar da ke doron ƙasa fiye da sau 3,000. Da zarar an huda rami a cikin irin wannan dutse, bangon ramin yakan nemi rugujewa ciki. Maganin haka shi ne ƙara wa taɓo nauyi, amma akwai iyaka: idan taɓon ya yi sauƙi, gas ko ruwa za su kutso cikin rijiyar, idan kuma ya yi nauyi fiye da kima, zai tsaga dutsen ya zurare ya ɓace. Tazarar da ke tsakanin waɗannan haɗura biyu tana ƙara ƙanƙancewa ne gwargwadon ƙaruwar zurfi.

Na uku shi ne nauyin bututun kansa. Kowane guntun bututun haƙa tsawonsa kimanin mita 9 ne, saboda haka rami mai kilomita 12 yana buƙatar guntaye sama da 1,300 a ɗaure da juna, kuma idan na ƙarfe ne nauyinsu zai kai tan ɗari uku ko fiye, duk a rataye a wuyan guntun da ke sama. Domin rage wannan nauyi ne injiniyoyin Kola suka yi amfani da bututun alminiyam, suka kuma sanya injin juyin a can ƙasa kusa da bakin haƙar, inda ƙarfin taɓon da ake turawa ke juya shi, maimakon a riƙa murɗa dukkan bututun daga sama.

Na huɗu shi ne lokaci, kuma a nan ne lissafin ɗan kasuwa yake shigowa. Bakin haƙa yana dakushewa, a cikin dutse mai tauri ma ba ya daɗewa. Duk lokacin da za a sauya shi, dole a zaro bututun gaba ɗaya, ana kwance shi zango-zango, sannan a sake ɗaurawa a mayar. A rijiya mai mita ɗari biyu wannan aikin ɗan lokaci ne. A rijiya mai kilomita goma kuwa yakan cinye sa'o'i masu yawa, waɗanda a cikinsu ba a ƙara ko taƙi ɗaya na zurfi ba, alhali ana biyan hayar injin da albashin ma'aikata da kuɗin man injuna.

Yadda tsada ke hauhawa

Saboda waɗannan dalilai, ninka zurfin rijiya sau biyu yakan ninka kuɗinta fiye da sau biyu nesa ba kusa ba. Misali mafi kusa ya fito ne daga ƙasar Sin. Kamfanin mai na gwamnatin ƙasar, wato CNPC, ya fara haƙa wata rijiya a hamadar Taklimakan da ke kwarin Tarim a ranar 30 ga watan Mayu na 2023, ya kuma sanar da kammala ta a watan Fabrairu na 2025 a zurfin mita 10,910, wanda ya sa ta zama ta biyu bayan Kola a cikin ramukan da aka haƙa a miƙe a kan tudu. Mita 10,000 na farko sun ci kwanaki 279, wato kimanin mita 36 a kowace rana. Ragowar mita 910 kuwa sun ci sama da kwanaki 300, wato kimanin mita 3 a rana. Ma'ana, kashi ɗaya cikin goma sha biyu na ramin ya cinye fiye da rabin lokacin aikin.

A teku lamarin ya fi haka tsanani. A shekarun 2023 da 2024, hayar jirgin haƙa na zamani mai aiki a ruwa mai zurfi takan kama daga dala 400,000 zuwa 500,000 a kowace rana, ban da kuɗin jiragen jigila da siminti da taɓo da ƙwararru. Rijiya guda a irin wannan wuri tana iya cin dala miliyan 100, kuma babu tabbacin za a sami abin da ake nema.

Akwai kuma wani dalili na yanayin ƙasa da ya sa kamfanonin mai ba su damu da karya bajintar Kola ba. Mai yana samuwa ne idan zafi ya dafa ragowar halittun da suka binne a cikin laka tun zamanin da, kuma wannan dahuwa tana faruwa ne a tsakanin kimanin digiri 60 zuwa 150. Idan zafi ya wuce haka, man yakan rikiɗe ya koma gas, in ya ƙara tsananta kuma babu abin da ke saura mai daraja. Don haka ne mafi yawan man duniya ake samunsa a zurfin da bai wuce kilomita 5 ba. Kwarin Tarim ya fita daban ne saboda ƙasarsa ba ta saurin ɗaukar zafi, shi ya sa ake samun mai a can a rijiyoyin da suka zarce mita 8,000. Ita kuma Sin, wadda ke sayo fiye da kashi 70 cikin ɗari na ɗanyen man da take amfani da shi daga waje, tana da dalilin jure wannan tsada.

Bambancin tsawo da zurfi

Sau da yawa akan ji labarin cewa wani kamfani ya haƙa rijiyar da ta fi ta Kola. Abin lura shi ne, tsawon ramin ake nufi, wanda ya bambanta da zurfinsa. Kamfanonin mai sun ƙware wajen lanƙwasa rijiya: a nutsa kilomita ɗaya ko biyu ko uku, sannan a karkata a bi shimfiɗar dutsen da ke ɗauke da man a kwance. A 2008 kamfanin Maersk ya haƙa rijiya mai tsawon mita 12,289 a filin Al Shaheen na ƙasar Katar a cikin kwanaki 36 kacal, amma kusan kilomita 11 na nisanta a gicciye ne. A 2017 an haƙa mai tsawon mita 15,000 a yankin Sakhalin na Rasha, sannan a 2022 kamfanin ADNOC na Abu Dabi ya sanar da mai tsawon mita 15,240 a filin Upper Zakum.

Wannan dabara ita ce ta fi riba. Rijiyar da ta ratsa shimfiɗar mai a tsaye ba ta taɓa fiye da kaurin shimfiɗar, wanda mai yiwuwa 'yan mitoci ne, amma wadda ta bi ta a kwance tana iya shan mai daga nisan kilomitoci. Har ila yau tana ba da damar a kafa injin a bakin gaɓa ko a kan tsibiri a zuƙo man da ke ƙarƙashin teku, ba tare da an gina dandamali mai tsada a tsakiyar ruwa ba.

Ta fuskar zurfi na ainihi a harkar mai, rijiyar Tiber da kamfanin BP ya haƙa a Tekun Meziko a 2009 ta kai sama da mita 10,680, a wurin da zurfin ruwan ya kai mita 1,259. Dandamalin da ya yi wannan aiki, mai suna Deepwater Horizon, shi ne ya kama da wuta a ranar 20 ga watan Afrilu na 2010 a wata rijiyar dabam, bayan da gas ya ɓalle ya fi ƙarfin na'urorin toshewa. Mutane 11 suka rasu, mai ya yi ta kwarara cikin teku har kwanaki 87, kuma tara da diyya da aikin tsabtacewa sun ci wa kamfanin sama da dala biliyan 60. Wannan haɗari ya nuna cewa kuɗin haƙa mai zurfi bai tsaya ga hayar injin ba, akwai kuma abin da za a biya idan aka kasa shawo kan matsin da ke ƙasa.

Inda batun ya shafi Nijeriya

Yawancin rijiyoyin yankin Neja Delta suna tsakanin kilomita 2 zuwa 4 ne. Sauyin da aka samu tun daga shekarun 1990 shi ne ƙaura zuwa ruwa mai zurfi. Filin Bonga, mai nisan kimanin kilomita 120 daga gaɓa, inda zurfin ruwan ya haura mita 1,000, ya fara samar da mai a 2005. Filin Agbami ya biyo baya a 2008, sai Egina a ƙarshen 2018, wanda aka tsara shi domin samar da ganga 200,000 a rana, kuma aka ƙiyasta kuɗin gina shi a kan kimanin dala biliyan 16. Irin wannan jari sai manyan kamfanoni, kuma shi ya sa faɗuwar farashin ganga a kasuwar duniya take fara dakatar da ayyukan ruwa mai zurfi kafin na tudu.

A arewacin ƙasar nan, kamfanin NNPC ya haƙa rijiyoyi 23 a kwarin Tafkin Chadi kafin a dakatar da aikin a wajen shekarar 2000, kuma biyu ne kawai daga cikinsu, wato Wadi da Kinasar, suka nuna alamar gas. A 2019 aka haƙa rijiyar Kolmani ta biyu a kan iyakar jihohin Bauchi da Gombe zuwa zurfin ƙafa 13,701, kimanin mita 4,176, inda kamfanin ya sanar da samun mai da gas. A watan Nuwamba na 2022 shugaban ƙasa na lokacin, Muhammadu Buhari, ya ƙaddamar da aikin bunƙasa filin. Darasin da ke cikin wannan tarihi shi ne, zurfin rijiya ba shi ne ke tabbatar da riba ba. Abin da mai zuba jari ke tambaya shi ne yawan gangar da za ta fito a rana, da tsawon shekarun da za ta ɗauka tana fitowa, da kuɗin kai ta kasuwa. Jamhuriyar Nijar, alal misali, ta fara haƙo man Agadem tun 2011, amma ba ta fara fitar da shi waje da yawa ba sai a 2024, bayan da aka shimfiɗa bututu mai kusan kilomita 2,000 zuwa gaɓar tekun Jamhuriyar Benin. Hausawa dai na cewa ba girin-girin ba, ta yi mai.

Akwai kuma wata kafa ta kasuwanci da zurfin rijiyoyi ke buɗewa ga 'yan kasuwar cikin gida. Abin da ake ƙara wa taɓon haƙa nauyi da shi wani farin dutse ne mai nauyi da ake kira barait, wanda ya ninka nauyin ruwa fiye da sau huɗu, kuma gwargwadon zurfin rijiya da ƙarfin matsinta gwargwadon yawan da ake buƙata. Ana samun wannan dutse a Azara da ke jihar Nasarawa, da kuma jihohin Binuwai da Taraba da Kuros Riba. Duk da haka kamfanonin mai sun daɗe suna shigo da shi daga waje, saboda na gida sau da yawa ba ya samun wanki da niƙa da tacewar da za su kai shi ma'aunin da masana'antar ta gindaya. Dokar fifita kayan cikin gida a masana'antar mai ta 2010 ta buɗe ƙofa, amma mai injin sarrafawa da ɗakin gwajin inganci ne ke iya shiga.

Darasi ga mai haƙa burtsatse

Wannan ƙa'ida ta cewa ƙarin zurfi ba ya nufin ƙarin amfani tana aiki har ga ƙaramin ɗan kasuwar da ke son haƙa burtsatse domin gidan burodi, ko masana'antar ruwan leda, ko gonar kaji. A wuraren da ke kan tsohon dutse mai tauri, kamar akasarin Kano da Kaduna da Abuja, ruwa yana zama ne a cikin ruɓaɓɓen dutsen da ke sama da kuma tsagogin da ke ƙarƙashinsa. Idan aka wuce waɗannan aka shiga dutse tsantsa, to kowace mita da aka ƙara kuɗi ne ake zubarwa, domin ɗan kwangila da mita yake lissafi. A kwarin Chadi kuwa, kamar yankin Maiduguri, ruwa yana kwance ne hawa-hawa a cikin yashi, kuma akwai shimfiɗun da sai an nutsa ɗaruruwan mitoci kafin a kai gare su. Saboda haka kuɗin da aka biya masanin ƙasa ya auna wuri kafin a kira injin, yakan zama kaɗan idan aka kwatanta da asarar busasshiyar rijiya.

Abin da ake hange a gaba

Masana kimiyya ba su haƙura da burin kai wa ga mantil ba. Jirgin bincike na Japan mai suna Chikyu ya haƙa mita 2,466 a ƙarƙashin gindin teku a 2012. A 2023 jirgin Amurka mai suna JOIDES Resolution ya ciro dutsen mantil mai tsawon mita 1,268 daga wani wuri a tsakiyar Tekun Atlantika inda motsin ƙasa ya riga ya turo dutsen kusa da sama. A watan Nuwamba na 2024 Sin ta ƙaddamar da jirginta mai suna Meng Xiang, wanda aka ƙera domin haƙa har zuwa mita 11,000 idan aka haɗa da zurfin ruwa.

Ta fuskar kasuwanci kuwa, abin da ake ganin zai iya jan jari zuwa ƙasa sosai shi ne zafin nan da ya tsayar da injiniyoyin Kola, domin ana iya mayar da shi wutar lantarki. Ƙasar Kenya tana samun kusan kashi 40 cikin ɗari ko fiye na lantarkinta daga tururin da ke fitowa daga rijiyoyi masu zurfin kilomita 2 zuwa 3 a yankin Olkaria. A ƙasar Aisland, wata rijiyar gwaji ta kai mita 4,659 a 2017, inda aka auna zafin digiri 427. Waɗannan ƙasashe biyu suna kan yankuna masu aman wuta ne, inda zafi yake kusa. Domin sauran ƙasashe su amfana, sai an iya nutsawa da nisa a kan farashi mai sauƙi. Wani kamfanin Amurka mai suna Quaise yana gwajin narkar da dutse da wani irin haske mai ƙarfi a maimakon cin sa da bakin ƙarfe, da burin kai wa kilomita 20, amma gwaje-gwajensa na fili har yanzu suna nesa ƙwarai da wannan buri.

A taƙaice, da kayan aikin da ake da su a yau, kilomita 12 zuwa 13 ita ce iyakar da aka tabbatar a aikace, kuma ko da an zaɓi wuri mai sanyin ƙasa aka zuba kuɗi ba adadi, ƙarin da za a samu 'yan kilomitoci ne. Kamfanonin da ke haƙa domin riba kuwa sukan tsaya tun kafin nan, a daidai zurfin da kuɗin mita ta gaba ya fi abin da ake sa ran za ta fitar.